Tayar Allon Sulu: Wacce Ta Dace da Titunan Abuja?

Duk ma'aikacin da zai saya wa ɗansa allon sulu, wato siketbod, ya kamata ya fara duba lambar da ke jikin tayar, domin ita ce ma'aunin tauri. Mai lamba 99A zuwa 101A tana gudu a kan siminti mai santsi, tana kuma daɗewa, amma tsakuwa guda kan tsayar da ita cak, yaro ya kifa. Mai 78A zuwa 87A kuwa laushi gare ta: tana kama kwalta, tana shanye gargada, sai dai ta fi saurin cinyewa. A unguwanni irin su Kubwa da Lugbe, inda ruwan damina kan kwaso yashi da tsakuwa zuwa bakin titi, mai laushin ta fi aminci. Sauya taya ya fi jinyar karaya araha.