Miliyan Ɗin Umbadda da Ɗan Aiken da Ba Ya Tambaya

A Kasuwar Libiya da ke Umbadda, yammacin Omdurman, idan mai shago ya ce maka kaya "miliyan biyar", kada ka yi saurin dafe ƙirji. A 1992 Sudan ta ajiye fam ta ɗauki dinari, fam goma a dinari ɗaya. A 2007 ta dawo da sabon fam, dinari ɗari a fam guda. Tsohon fam dubu ke nan ya koma fam ɗaya. Takardar kuɗi ta sauya, bakin mutane kuwa ya ƙi sauyawa, har yau da yawa suna ce wa fam dubu "miliyan". Bahaushen Maraɗi ba zai yi mamaki ba, shi da ke cewa "ɗari" alhali sefa ɗari biyar yake nufi, domin da dala, wato sefa biyar, yake ƙirge.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, bankunan Khartoum suka rufe, tsabar kuɗi ta yi wuya, manhajar Bankak ta Bankin Khartoum ta zama aljihun jama'a. Ta nan 'yan uwa da ke Saudiyya suke turo taimako, ta nan masu tukunyar sadaka ta unguwa, wadda ake kira takiyya, suke biyan kuɗin wake. Mutum ne ke danna lamba da yatsansa, kuma ya san sifili nawa zai sa.

To, kamfanonin fasaha yanzu suna ƙera abin da zai karɓi wannan dannawar: manhajar ƙirƙirarriyar basira da za ka aika da baki, ta je ta yi aiki a madadinka. Mu kira ta ɗan aike. Shi wannan ɗan aiken ba ya ganin maɓalli ko allo yadda kake gani. Ana miƙa masa jerin kayan aiki ne, kowanne da 'yar takardar bayani: sunansa, abin da yake yi, da guraben da za a cike. OpenAI ya buɗe wannan hanya ga masu rubuta manhaja a Yunin 2023, Anthropic kuma ya fitar da tsarin MCP a Nuwamban 2024 domin kayan aikin kamfanoni daban-daban su riƙa gabatar da kansu da salo ɗaya. Abin da takardar ta faɗa shi ne iyakar sanin ɗan aike game da kayan. Abin da ta bari a buɗe, da hasashe zai cike shi, kuma cikin gadara.

A ɗauka an rubuta kayan tura kuɗi da gurbi mai suna "adadi", ba a ƙara komai ba. Fam ne ko kirshi, wato kashi ɗaya cikin ɗari na fam? Tsarin biyan kuɗi da dama da ƙananan kuɗi suke lissafi, kamar yadda wasu a Najeriya suke ƙirge da kwabo. Sai ga wata tsohuwa ta ce a tura wa ɗanta "miliyan biyu". Yaron gida zai tsaya ya ce, "Hajiya, na da ko na yanzu?" Na'ura ba za ta tsaya ba, sai in an rubuta mata cewa nan wurin tambaya ne. Manya ma sun faɗa wannan rami: a Satumban 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon da ta tura duniyar Mars, saboda wata manhaja tana bayar da lissafi da ma'aunin Amurka, mai karɓa kuma yana zaton na mita ne.

Shi ya sa ba na yarda da awon da ake yi daga kan kujera, a karanta takarda a ce ta yi kyau. Wanda ya ƙera kaya ya riga ya san amsa, idonsa ba ya ganin giɓi. Awo na gaskiya shi ne a aiki ɗan aiken sau ɗari da ayyuka na haƙiƙa, a bi sawunsa: wane kaya ya ɗauko, me ya cike, da aka mayar masa da saƙon kuskure ya gyara ko ya yi ta maimaitawa? Sai a sauya jimla ɗaya a takardar, a sake aikensa, a ga ko adadin kuskure ya ragu. Jami'ar Berkeley ma tana da gwajin da ke jera manhajoji bisa iya kiran kayan aiki, har da gane lokacin da bai kamata a kira komai ba.

Akwai kuma mugunta. A Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs suka nuna cewa ana iya ɓoye umarni a cikin takardar bayanin, mai waya bai gani ba, ɗan aike ya karanta ya bi.

Amma galibin gwaje-gwajen nan da Turanci ake tsara su, da dalar Amurka, da adireshi mai lambar gida da sunan titi. A Umbadda da hara, wato unguwa mai lamba, ake kwatance, ta goma, ta sha huɗu, sai masallaci ko gidan burodi. Sunan garin kansa wani Ombadda yake rubutawa, wani Umm Badda. Agogon ƙasar ma an mayar da shi baya da awa ɗaya a Nuwamban 2017. Takardar da ta ci jarrabawa a Kalifoniya, sai an kawo ta Kasuwar Libiya an ce mata "tura miliyan biyu" a ga sifili nawa za ta sa.