Fuskar wa ke kan kuɗinka?

A Magamar Jibiya, inda hanyar Katsina ke tsallakawa zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, ɗan canji kuɗi iri biyu yake ƙirgawa. Naira cike take da fuskoki: Sardauna a ɗari biyu, Murtala a ashirin tun 1977. Takardun sefa na yanzu kuwa babu mutum ko ɗaya. Juya jika guda, raƙuma za ka gani. Ƙasashe takwas ke kashe ta, to shugaban wa za a sa?

Rumawa sun san nauyin wannan tambaya. Yuliyas Kaisar ne ya fara sa fuskarsa a kuɗin birnin Rum yana raye, a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma a shekarar aka kashe shi. Magadansa ba su fasa ba. Tsabar zinariyarsu, aureus, a zamanin Agustus ta kusa giram 8, kuma guda tara ne albashin soja na shekara. Gaba kan sarki da laƙabansa, baya galibi ɗaya daga gumakansu mata: Biktoriya ta nasara mai fukafukai, Paks ta zaman lafiya riƙe da reshen zaitun, Fortuna ta sa'a riƙe da matuƙin jirgin ruwa. Babu rediyo, babu jarida, don haka sojan da ke Masar a tafin hannunsa yake ganin wanda ya hau gado.

Sai dai kuɗi ma na shara ƙarya. Oto ya yi sarauta wata uku kacal a shekara ta 69 bayan haihuwar Annabi Isa, ana tsakiyar yaƙin basasa, amma ya buga zinariya da Paks a bayanta, wai duniya ta zauna lafiya. Sarki Nero kuwa a 64 ya rage nauyin tsabar, awon da ke ba da 40 ya koma ba da 45, kansa na nan da rawanin ganye kamar ba abin da ya faru. Mai ma'auni kaɗai ba a ruɗa ba.

Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya bi wata hanya dabam. A shekara ta 77 bayan Hijira ya cire hoto daga dinari kwata-kwata, har nasa da ya taɓa bugawa yana tsaye da takobi, ya bar rubutu zalla.