Ruwan Da Ke Kwana A Gona

Duk lokacin da aka yi ambaliya a Jigawa, kamar ta 2020 da ta 2022, hankalin kowa kan koma kan gidajen da suka rushe da gonakin da kogin Haɗeja ya shafe. Amma akwai wata ɓarnar da ba ta shiga labarai, ga shi kuwa kusan kowace damina sai ta auku a gonakin kwari na Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu. Marka ta sauka a watan Agusta, ruwa ya rasa hanyar wucewa, ya kwanta tsakanin kunyoyi kwana uku ko huɗu. Wani sa'in ko idon sawu ba ya rufewa. Mako guda bayan haka sai a ga riɗi ya langaɓe, wake ya yi rawaya, masara ta tsaya cak.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa shi ne shaƙewa. Ƙasar noma mai kyau, kusan rabinta 'yan ƙofofi ne da ruwa da iska ke rabawa a tsakaninsu, saiwa kuma numfashi take yi dare da rana. Idan ruwa ya cika ƙofofin nan, iskar oksijin ba ta da hanyar shiga, domin tafiyarta a cikin ruwa ta fi tafiyarta a sarari nawa wajen sau 10,000. Da zafi irin namu, 'yar wadda ta rage takan ƙare cikin kwana ɗaya ko biyu. Daga nan ƙananan saiwoyi su fara ruɓewa, su daina zuƙar komai. Shi ya sa ake ganin shuka tsaye cikin ruwa amma tana yaushi.

A nan ne manomi kan bar jaki ya daki taiki. Ya ga ganyen ƙasa ya yi rawaya, sai ya ce yunwa ce, ya ciwo bashi ya sayo yuriya ya watsa a kan taɓo. Yunwar gaskiya ce, tun da ruwa ya wanke sinadarin naitirojin, wasu ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa kuma sun mayar da sauran iska ya tashi. Sai dai saiwar da ta shaƙe ba ta iya ci, sabon takin ma hanyar na farko zai bi. A fara fitar da ruwan, a jira ƙasa ta tsane har ta daina manne wa fartanya, a ga sabon toho, sannan a sa taki kaɗan a rufe shi da ƙasa.

Amfanin gona ba juriyarsu ɗaya ba. Riɗi, wanda Jigawa ta yi suna wajen nomansa, shi ne ragon cikinsu. Kwana biyu cikin ruwa na iya gamawa da shi. Wake da gyaɗa ma ba su da dama, don 'yan ƙulle-ƙullen nan na jikin saiwarsu, masu samar musu da taki, sai da iska suke aiki. Gero ɗan jigawa ne, rairayi mai saurin tsanewa yake so. Dawa takan daure idan ta riga ta yi ƙarfi. Shinkafa kuwa an halicce ta da ƙofofi a cikin kara da saiwa, waɗanda ke kai iska daga ganye zuwa ƙasa, shi ya sa fadama gidanta ce. Ita ma idan ruwa ya shanye kanta mutuwa take yi, in ban da irin FARO 66 da FARO 67 da aka fitar a Nijeriya a 2017, masu jure nutsewa wajen mako biyu.

Gona takan faɗi halinta ga wanda ya tona. A haƙa rami mai zurfin kamu guda, a cika shi da ruwa. In an wayi gari yana nan, akwai magana. A duba launin ƙasar da aka fitar. Ja ko ruwan ƙasa alamar iska na shiga ce. Toka-toka mai ɗigon tsatsa kuwa shaida ce ruwa ya saba zama a wurin, balle in ana jin wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Wani lokaci saman rairayi ne amma ƙarƙashin laka, ko kuma tarakta ce ta yi ta bin gonar tana jiƙe har ta daddaɓe ta.

Huɗar da iyayenmu ke yi da garmar shanu ba ado ba ce: kunya mai tsayi tana ɗaga saiwa sama da ruwa. Abin lura shi ne, a kan tudu ana toshe kwarin kunya don a riƙe ruwa, a kwari kuwa buɗe shi ake yi ya gangara zuwa lambatu a gefen gona. Takin gida da karan da aka bari ya ruɓe suna sassauta laka, sai dai aikinsu na shekaru ne. Masu noman rani su ma abin ya shafe su, domin ban ruwa fiye da kima ba tare da magudana ba yakan taso da kanwa saman ƙasa, har ta yi fari.

A ganina, mafi wuyar al'amarin ba a cikin gona ɗaya yake ba. Ruwan da ka kora, gonar maƙwabcinka zai faɗa, kuma sau da yawa abin da ya tare shi tun farko kwalbati ne da yashi ya toshe, ko gini da aka yi a kan tsohuwar hanyar ruwa, abin da ya yawaita tun da Dutse ta zama babban birnin jiha a 1991. Wannan aikin gayya ne, na maƙwabtan gona da mai unguwa da malaman gona na JARDA, hukumar raya aikin gona ta jihar, kuma lokacin yinsa watan Mayu ne, kafin ruwan shuka ya sauka.