Kiwon Shanu da Ɗumamar Duniya

Masana sun tabbatar cewa saniya, sa'ad da take tuƙa, tana gyatsa wata iska daga tumbinta, wadda ake kira metan. Iskan nan kuwa ta fi iskar kabon riƙe zafi a sararin sama wajen sau 28 cikin shekara 100. Saboda haka a 2021, a birnin Gilasgo, ƙasashe fiye da 100, har da Nijeriya, suka ɗauki alkawarin rage ta da kashi 30 cikin ɗari zuwa 2030.

Maganin yana hannun makiyayi. Saniyar da ta dogara ga busasshiyar ciyawar rani, nononta kaɗan ne, amma gyatsarta ba ta fasawa. In aka ƙara mata harawar wake ko ta gyaɗa, da dusa, da angurya, sai kowace ƙwaryar nono ta samu da ƙarancin iskar.

Don haka ya kamata a riƙa sauya makiyaya domin ciyawa ta farfaɗo, a kai shanu allurar riga-kafi, a kuma sayar da waɗanda suka daina haihuwa. Hausawa sun ce, da haihuwar yuyuyu gwamma ɗa ɗaya ƙwaƙƙwara.