Nokia N95 da Hanyar Shiga Intanet Marar Waya

A watan Maris na shekarar 2007 kamfanin Nokia na ƙasar Finland ya fitar da wayar N95 kasuwa. Kamfanin bai ma so a kira ta waya ba, sunan da ya laƙaba mata shi ne kwamfutar sauti da hoto. Wanda ya riƙe ta a wancan lokaci ba zai ce an yi ƙari ba. Tana da kyamara mai megafiksel 5 da gilashin Carl Zeiss, ga GPS mai nuna wa mutum inda yake a taswira, ga rediyon FM, ga kafar sa abin kunne irin ta kowace rediyo, har da igiyar da ake jona ta da talabijin a kalli bidiyon da aka ɗauka. Nauyinta giram 120 ne, fuskarta inci 2.6. Abin da ya fi burge mutane shi ne yadda take zamewa ta fuska biyu: a tura sama, maɓallan lambobi su bayyana, a tura ƙasa, maɓallan kunna waƙa su fito.

Cikin duk waɗannan, abin da ya fi wahalar da masu ita shi ne Wi-Fi, wanda a jikin wayar aka rubuta shi da sunan WLAN.

Shi Wi-Fi rediyo ne mai gajeren zango. Akwai ɗan akwati da ake kira rauta, wanda ke karɓar intanet ta igiya ya watsa shi cikin iska a kan zangon gigahaz 2.4, sai wayar da ke kusa ta kama. N95 tana jin yare biyu na wannan rediyo: 802.11b na shekarar 1999, mai gudun da bai wuce megabit 11 a daƙiƙa ba, da 802.11g na 2003, mai kaiwa 54. Waɗannan lambobi na takarda ne. Katanga ɗaya ta siminti tana iya rage su ƙwarai. Ba ita ce wayar Nokia ta farko mai Wi-Fi ba, domin 9500 Communicator ta riga ta tun 2004, amma waccan ta manyan 'yan kasuwa ce.

Mai son shiga sai ya fara daga fuskar wayar, inda akwai layi ɗaya da ke nuna cewa binciken WLAN a kashe yake. Da ya danna, sai ta lalubo sunayen rautocin da ke kusa, kowanne da alamar ƙarfinsa, masu kulle kuma da alamar kullensu. Ya zaɓi nasa, sai ta nemi kalmar sirri. A nan ake yin ta. Maɓallai goma sha biyu ne kawai, don haka harafin c sai an danna lamba 2 sau uku, babban baƙi sai an bi ta kan maɓallin #, alamomi kuma suna ƙarƙashin tauraro. Idan rautar tana amfani da tsohon kulle na WEP, ana iya buƙatar haruffa da lambobi har 26, kuma kuskure ɗaya ya isa ya mayar da mutum farko. Shi WEP ɗin ma tun 2001 masana suka nuna cewa ɓarawo zai iya buɗe shi, shi ya sa aka kawo WPA a 2003, sannan WPA2 a 2004. N95 ta san duka ukun, sai dai gidaje da ofisoshi da yawa sun daɗe ba su sauya ba.

Ko an shiga, da sauran rina a kaba. Tsarin Symbian da wayar ke aiki da shi yana ajiye kowace hanyar intanet a matsayin mashiga mai zaman kanta: ta rautar gida daban, ta ofis daban, ta kamfanin layi daban, har ma da ta saƙon hoto. Duk manhajar da aka buɗe sai ta tambaya ta wace mashiga za a bi. Burauza ta tambaya, akwatin imel ya tambaya, taswira ma ta tambaya. Wanda ya yi sakaci ya zaɓi ta kamfanin layi alhali yana zaune kusa da rauta, kuɗin katinsa ne zai gaya masa. A ganina injiniyoyin sun yi haka da kyakkyawar niyya, don data tana da tsada kuma ba sa so waya ta kashe wa mutum kuɗi ba da saninsa ba. Sai dai sun ɗora wa mai waya aikin da ya kamata wayar ta yi da kanta.

Sannan ga batir. Na N95 ta farko mai ƙarfin mAh 950 ne, kuma idan aka bar ta tana neman Wi-Fi a kai a kai, ga GPS ga kyamara, kafin la'asar an fara neman caja. Kafin shekarar ta ƙare Nokia ta fito da N95 8GB, baƙa, mai fuska inci 2.8 da batir mai 1200, ta kuma ninka ƙwaƙwalwar aikinta daga megabait 64 zuwa 128.

A Najeriya, inda GSM ya shigo a 2001, wannan fasaha ta riga zamaninta. Gidan da ke da rauta a 2007 sai an tona. Intanet a kafe ake zuwa saye da awa. Mai N95 a Kano ko Kaduna ya fi dogara da layinsa da burauzar Opera Mini, wadda ke matse shafi kafin ta kawo shi don kada data ta ƙare da wuri. Wi-Fi sai in an dace da shi a babban otal ko wani ofishi. Wasu ma juya abin suka yi: da manhajar JoikuSpot, wayar ce ke zama rauta ta ba kwamfutar cinya intanet.

Wata uku bayan fitowar N95, ranar 29 ga Yuni, Apple ya fara sayar da iPhone a Amurka. In aka jera su, iPhone ce ke baya: kyamararta megafiksel 2, ba ta ɗaukar bidiyo, ba GPS, ba 3G, kuma sai a Yulin 2008 aka buɗe mata kantin manhajoji. Amma ana rubuta kalmar sirri sau ɗaya a kan cikakken allon haruffa, daga nan duk lokacin da aka dawo gida ita za ta kama rautar da kanta, in an fita ta koma kan layi ba tare da ta ce uffan ba. A Fabrairun 2011 Nokia ta sanar da komawa tsarin Windows Phone, kuma 808 PureView ta 2012 ce wayarta ta ƙarshe mai Symbian.

Wanda ya tono N95 daga akwati yau, in batirin ya yarda ya tashi, zai iya haɗa ta da rauta muddin tana watsawa a kan gigahaz 2.4 da kullen WPA2. Alamar haɗuwa za ta fito a saman fuska. Sai dai yawancin shafuka ba za su buɗe ba, saboda tsarin tsaron da suke nema yanzu ya wuce wanda burauzarta ta sani.