Maganin Sauro da Ƙwari a Ƙofar Gida

'Yan'uwa manoma, daga Agusta zuwa Oktoba sauro ya kan yi yawa a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, zazzaɓi kuma ya kan kwantar da yara. Iyayenmu su kan turara ɗaki da ganyen ɗaɗɗoya, suna kuwa da gaskiya. Akwai mai a cikin ganyen, ƙamshinsa ne sauro ba ya so. Amma man nan yana bin iska da sauri. Kafin tsakar dare ƙarfinsa ya ƙare, lokacin nan ne kuwa sauron zazzaɓi ya fi cizo. Saboda haka turare da magariba, gidan sauro da dare.

Man darbejiya, itacen Indiya da aka fara dasawa a Barno a 1928, shi ya fi daɗewa, amfaninsa kuwa a wajen ajiyar wake ne. A busar da 'ya'yan, a ɓare, a daka, a matse kamar man gyaɗa. Cokalin shayi ɗaya ya isa tiya guda. A cuɗa sosai, ƙwari ba za su yi ɓarna ba har wata da watanni. A wanke waken kafin a dafa, saboda ɗaci.

Kada kowa ya zuba maganin feshin auduga cikin wake. Guba ne, yana kisa.