Ko Kun Sani? Saiwar Huang Lian da Kansar Baki

Kansar baki takan fara ne a harshe, ko dasashi, ko cikin kumatu, amma haɗarinta yana ƙaruwa sosai idan ƙwayoyinta suka bar inda suka tsiro suka kai ga kaluluwar wuya. Kafin su yaɗu, sai sun narkar da naman da ke kewaye da su, kuma suna yin haka ne da wasu sinadarai da suke fitarwa, musamman MMP-2 da MMP-9.

Neman abin da zai rage waɗannan sinadarai ne ya sa wasu masu bincike suka waiwayi magungunan gargajiyar Sin. Saiwar huang lian, mai ɗaci da launin rawaya, wadda masu magani a Sin suka daɗe suna bayarwa don gudawa da atuni, tana ɗauke da sinadarin berberine. A gwajin da aka yi a Taiwan kan ƙwayoyin kansar harshe da aka raya a ɗakin gwaji, berberine ya rage fitar MMP-2 da MMP-9, yaɗuwar ƙwayoyin kuma ta ragu. An ga irin haka da baicalein na saiwar huang qin. Taiwan ta damu da wannan bincike domin cutar ta yi yawa tsakanin maza masu tauna ƙwayar areka, wadda aka tabbatar tana haddasa kansa.

Sai dai yawancin sakamakon daga ɗakin gwaji ne da beraye. Idan mutum ya sha berberine, kaɗan ne hanji ke tsotsa zuwa jini. Har yanzu tiyata, da gashi da haske, da magungunan kimoterafi su ne jiyyar da aka tabbatar.